Kati Bakwai, Babu Rijiya

Mun tashi daga Dogon Dutsi ana sallame sallar asuba, mu uku: ni, da telan unguwarmu, da wani malamin lekol, wato makarantar boko, da muke zaman shayi tare. Kowa ɗaurin katinsa na aljihun gaba, an naɗe da leda an ɗaure da roba, saboda damina ba ta gama ɗaukewa ba. Ni ban da kati ina rungume da jaka mai sabulu da atamfa da dabino da wasu 'yan tarkacen mata. Matata tana garin da muka nufa, wani ƙauye a ƙasar Tibiri. Ta tafi goyon ciki gidansu kamar yadda ake yi a haihuwar fari, kuma tun da ta tafi ban sa ta a ido ba. Abokan tafiyata wasa za su. Ni wasa za ni, ganin matata kuma za ni, kuma tun kafin in fita gida na san abubuwan nan biyu suna iya karo da juna.

A tasha mun tarar da motar Kore Mairuwa ta buɗe baki tana jiran mutane. 'Yan kamasho suka rantse mana saura kaɗan ta tashi, alhali rabin waɗanda ke zaune ciki abokansu ne da aka zuba don mota ta yi kama da cikakkiya. Mun san haka, sun san mun sani, amma muka biya muka aje jaka a kujera. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara. Direba ya ce tsadar esans ce, wato fetur, muka ce to, don ban taɓa ganin wanda ya ci gardamar esans da direba ba. Muka koma wurin mai shayi ya haɗa mana da madara da burodi mai zafi, tela ya ƙara da fanke har ya shafa wa sabuwar rigarsa mai.

Tunda mota ba ta da niyyar tashi, bari in yi wa waɗanda ba su san wasan ba bayani, don na ga wasunku a shafin nan sun ɗauka karta ce. Ba karta ba ce, ko dala ba a sa wa. Sunansa Garke. Asalinsa wani kati ne na waje da wani ɗan ci-rani ya zo da shi, muka kasa karanta rubutunsa, sai wani mai zane a garinmu ya zana mana namu, ana bugawa ana liƙe shi da roba. Akwai katin dabbobi, daga akuya har raƙumi da kura, akwai na masifa irin su fari da fara, akwai kuma katin rijiya. Kowa shi ke haɗa ɗaurinsa da kansa ta hanyar musaya, in ba ka bijimi da jaki ka ba ni raƙumi, haka dai. Dabba ba ta fita fili sai kana da rijiyar shayar da ita, kuma babbar dabba rijiya da yawa take ci. Wanda garkensa ya kori na abokin karawarsa shi ya ci wasa.

Ana farawa da kati bakwai a hannu. Ba kai ke ɗibar wa kanka ba, abokin karawarka ne ke cakuɗa ɗaurinka ya miƙo maka, don kada a yi zargin maguɗi. To wani lokaci sai ka buɗe bakwai ɗin nan ka ga babu rijiya ko ɗaya, ko kuma duk rijiyoyi ne babu dabba. Wannan hannun matacce ne, zama kawai za ka yi kana kallo a cinye ka. Shi ya sa muka sa doka: kana da ikon mai da hannun a sake cakuɗawa, amma sai a ba ka shida. In ka sake maidawa, biyar. Ka sami wata dama, ka kuma biya ta da kati guda. Babba da yaro, ɗan gari da baƙo, duk haka ne. A Dutsi in mutum ya mai da hannu ba wanda yake ko ɗaga kai daga kofin shayinsa.

Ni na kai wasan nan ƙauyen su matata da kaina, lokacin da nake nemanta, ina zama rumfar yayanta ina neman shiga. Na koya musu dokar yadda take. Da na juya baya sai garin ya yi mata tasa fahimtar. Tunda abokin karawa ne ke miƙo kati, sai suka ce abin da babba ya miƙo maka da hannunsa ba a mai masa da shi, rashin kunya ne. Yaro ya riƙe abin da aka ba shi ko da toka ce. Babba kuwa, in yaro ya raba masa bai yi masa ba, sai ya watso masa ya ce sake, ya kuma karɓi bakwai cif, wai shi ba maidawa ya yi ba, gyara wa yaro rabawa ya yi. Abin da ya biyo baya ba ya ɓoyuwa. Samarin garin, waɗanda suka fi kowa kai a wasan, suka gaji da shan kashi suka zuba katinsu a akwati. Wasa ya koma na masu furfura.

Bayan kaka za a yi gasa a Kore Mairuwa, fadodin samari, wato majalisun hirarsu, daga garuruwa da dama, kuma dole a tsai da doka guda. Aka yi ta ja a waya har aka gaji. Ƙarshe aka ce a kara, mutum uku daga Dutsi, uku daga can, wanda ya ci dokarsa za a bi. Babban ɗan wasansu kuwa yayan matata ne. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni ita ba tare da ya wahalar da ni ba, kuma gidan da take zaune yanzu nasa ne. Ni da shi ne za mu rufe wasa. Addu'ata tun daga gida guda ce, Allah ya sa in buɗe hannuna in ga rijiya, kada ma maganar maidawa ta taso.

Sai da rana ta fito sosai motar ta cika da mutanen gaske, aka ɗora buhuna da awaki a sama, muka hau gudoro, wato kwalta. Kusa da malamin lekol wani saurayi ne ɗan kasuwa, mai gemu da wando ɗangale, yana rungume da kwalin cajar waya. Da ya ga malam ya fito da kati yana jerawa a cinya sai ya gyara murya ya ce, cikin ladabi, “Malam, abin ga ba caca ta ba?” Malam ya ce ko kusa. Ya ce to ko ba caca ba ce ɓata lokaci ne, ya yi mana 'yar nasiha, muka saurara don bai faɗi abin ƙi ba. Ba mu yi nisa ba sai ga shi ya leƙo yana tambaya raƙumin nan rijiya nawa yake ci, me ya sa kuma kura ba ta shan ruwa da yawa. Kafin ya sauka sai da ya riƙe wa malam katin fara yana ba shi shawara.

Malam kuwa tun daga tasha bakinsa bai huta ba. Doka doka ce, in ji shi, rabi da Hausa rabi da Faransanci, ko kakansa ne ya miƙo masa hannu maras rijiya sai ya maida, ya kuma dube shi ido cikin ido. Tela kuwa barci ya ɗauke shi. A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da kartidantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, tela ya farka a gigice, ya sa hannu aljihu ya miƙa katin kura. Jandarman ya dubi katin, ya dubi tela, ya ce hoton dai ya yi kama, sai dai an manta a sa ranar haihuwa. Mota duka ta ɗauki dariya, har wata tsohuwa a baya da ba ta ga abin da aka yi ba.

Hanya da ramuka nan da can, waɗanda direba ya sani sarai, yana kauce wa wasu yana gaisawa da wasu. Hagu da dama hatsi ya fi tsayin mutum, zangarniya ta cika ta yi kauri, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashi. Gawo duk ya zubar da ganye ya tsaya fari fat a tsakiyar kore, shi da ba ya yin ganye sai kowa ya bushe. Mun wuce makiyaya suna kora jajayen shanu a kan burtali, kowa sanda a kafaɗa, suna tsare bakin gona kada wata ta miƙa wuya. Ina cikin wannan kallo taya ta fashe. Tayar canji da aka sauko da ita ta girmi wadda ta fashe, don haka direba ya tsai da mai babur ya tafi neman mai faci. Muka zauna gindin itace, sai ga mata da dafaffiyar gyaɗa sun ɓullo daga cikin hatsi kamar dama jiranmu suke. Nan safiyarmu ta ƙare, raina kuwa sai tafasa yake, don na so in riga wasa ganin matata.

A Kore Mairuwa yunwa ta sa muka tsaya wurin wata mai dambu da kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa. Hannunta ya fi na masu sayarwa a Dutsi buɗewa, abin da ta zuba mini sai da na taimaka wa kaina da ruwa. Masara gasasshiya kuwa arha kamar ana neman kai da ita. 'Yan kabu-kabu ne dai ba su san arha ba. Da suka ji sunan ƙauyen sai suka dubi juna suka ninka kuɗi, wai rairayi da ruwa. Na yi ta masifa, na ce su ji tsoron Allah. Da muka shiga hanyar na daina masifa. Rairayi ya kama babur har sai mun sauka mun tura, sannan fadama ta tare mu da ruwa har gwiwa. Na naɗe wando, na ɗora jakar matata a ka, na ratsa. Giginya jere a bakin ruwan, kwaɗi suna ta kuka da rana tsaka, tela yana bayana yana kukan takalminsa.

Mun isa ana shirin azahar. Yaya, don haka nake kiransa, yana ƙofar gida yana alwala. Mutum ne dogo, mai magana a hankali, irin wanda in ya ɗaga hannu kasuwa ke yin shiru. Na cire takalmi na tsuguna muka gaisa, ya tambayi mutanen Dutsi ɗaya bayan ɗaya, kafin in tambayi matata ya ce, “Sun tahi awo likita da sahe bisa amalanke, ita da Inna. Sai la'asar.” Na ce Allah ya dawo da su lafiya. Bayan salla aka fito mana da tuwon hatsi da miyar kuɓewa ɗanya, ya sa an yanka mana zabuwa, aka biyo da fura mai nono da ta fi ƙarfin ludayi. Ya zauna yana tura mini tsoka gabana. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. Ban taɓa shiga garin nan na fita da yunwa ba.

An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban gidansa. Dattawa suka zauna gaba, samari suka tsaya a baya, hannu a ƙirji. Kafin a fara na ce, “Yaya, yau wace doka za mu bi?” Ya ce kowa ya bi tasa, su ba su hana kowa maidawa ba. Sannan ya gyara zama, bai ko dube ni ba, ya ce, “Amma ni dai, wanda duk yam maido man abin da nim miƙa mai gaban jama'a, to ya gwada man matsayina. Ni ma sai in gwada mai nashi.”

Wani dattijo ya karɓe, ya ce shi bai ga abin ja ba, in damina ta zo wa mutum da fari wa yake maida wa? Na ce, “Baba, in shukar hwarko ta ƙone ai muna sake shuka. Iri ka raguwa, shi na katin da ake cirewa. Amma ban taɓa jin an ce babba shi sake shuka, yaro shi zamna da ƙonanna ba.” Wani a cikin samari ya yi tari irin na ɓoye dariya. Dattijon ya ce 'yan Dutsi dai baki gare su, a fara wasa.

Tela ya fara, da wani sa'ansa. Hannu ya yi wa kowa kyau, ba a yi maganar maidawa ba, tela ya lallaɓa da awakinsa ya cinye. Sai malam, da dattijon nan mai maganar damina. Dattijo ya cakuɗa ya miƙa masa da hannu biyu har da “bisimilla, ɗana.” Ina bayan malam, na ga abin da ya buɗe: babu rijiya. Na jira in ji Faransanci. Malam ya dubi kati, ya dubi furfurar tsoho, ya share gumi, ya ce, “Madalla, Baba.” Ya zauna da hannun nan kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai, bai fitar da ko akuya ba har aka kore shi. Wanda zai dubi kakansa ido cikin ido ke nan. Ɗaya da ɗaya, saura ni da Yaya.

Ni na fara raba masa. Ya buɗe, ya taɓe baki, ya watso mini katin a kan tabarma. “Sake, ɗan Dutsi, rabon ga bai yi ba.” Na cakuɗa na ƙirga shida. Ya bar hannunsa a buɗe yana jira, dattawa suna kallona, har sai da na ɗora na bakwai. Na ɗora, don an ce kowa ya bi dokarsa. Sannan ya ɗauki ɗaurina ya cakuɗa a nitse, ya miƙo. Na karɓa da hannu biyu na buɗe. Raƙumi, bijimai, kura, duk manyan da na daɗe ina musaya kafin in same su, sun zo gaba ɗaya kamar an gayyace su biki. Rijiya babu ko ɗaya. Na sake dubawa ko wata ta manne a bayan wata. Babu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Hanya mai sauƙi tana gabana: in ce madalla kamar malam, in sha kashi cikin mutunci, in tashi in ɗauki jaka in shiga gida. Ba wanda zai zarge ni, a garin ma yabona za a yi, a ce ƙanwar Yaya ta sami miji mai kunya. Amma na ɗaga kai na ga samarin nan a tsaye, waɗanda ni na koya wa wasan, katinsu na akwati yana cin ƙura. Kuma ga kati bakwai a hannun Yaya, na biyu ke nan da ya karɓa bai biya komai ba. Abin da ya dame ni ba gasar kaka ba ce. In na riƙe hannun nan, na yarda ke nan cewa girmama mutum shi ne ka zauna ya cinye ka da mataccen hannu kana murmushi. Ni ban yarda ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban yarda ba.

Na sauka daga tabarma na tsuguna a ƙasa, yadda nake yi in zan gaishe shi. Na haɗa katin na riƙe da hannu biyu, na sunkuyar da kai na miƙa. Na ce, “Yaya, hannun ga ba ruwa. A sake man, shida.”

Tela ya ja mini gefen riga, na yi kamar ban ji ba. Hannuna ya daɗe a miƙe. Sannan Yaya ya karɓa. Ya cakuɗa, ya ƙirga shida, ya turo mini su a kan tabarma da hannun hagu. Kowa ya gani. Wata tsohuwa da ta tsaya da tulu a nesa ta yi salati. Ni dai na sa hannun dama na ɗauka, na ce na gode, na koma wurina na zauna. Rijiya biyu, awaki, jaki, da katin fari guda.

Wasan ya yi tsawo, don Yaya ya iya, ba girma kaɗai yake ci da shi ba. Yana tuna duk katin da ya fita, kuma ba ya gaggawa. Ya fitar da bijimi tun da wuri ya fara tattake mini awaki. Na yi ta ja da baya ina tara ƙanana, ina ɓoye farin nan kamar ba ni da komai. Da ya tara rijiyoyinsa ya sauke raƙumi, dattawa suka fara gyaɗa kai, sai na aje fari. Rijiyarsa babba ta ƙafe, raƙumi da bijimi suka tsaya ba ruwa, awakina da jaki suka bi ta gefe suka shige. Da na aje katin ƙarshe ba wanda ya yi tafi. Samari dai na ga suna taka ƙafar juna. Muna cikin wasan ne amalanke ya dawo, na hango shi ta wutsiyar ido ya shiga ta ƙofar baya, na ga gefen hijabin matata mai ruwan ƙasa, ban iya ɗaga kai ba.

Yaya ya tattara katinsa ya ɗaure, ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce wa jama'a, “Dokar Dutsi ta ci. Ita za a bi ga gasar kaka, kuma ita za a bi nan garin daga yau. Ba ni da magana biyu.” Wallahi a lokacin na ƙara ganin girmansa. Na ɗauki jaka na bi bayansa zuwa zaure. A bakin ƙofa ya juyo ya tsaya, ya cika ta.

“Sun gaji. Aje saƙon nan, a kai musu.”

“Yaya, gaisuwa ɗai za ni yi.”

“An gaishe su.”

Ban yi gardama ba. Tabarmar wasa ta kowa ce, amma ƙofar gida tasa ce, kuma ban zo in ture mutum a ƙofar gidansa ba. Na aje jakar a gefen zaure, na tsuguna na yi sallama, ya amsa a taƙaice ya shige. Ba a raka mu ba. A garin da ake raka ni har bakin fadama ana cusa mini gyaɗa a aljihu, ranar mu kaɗai muka taka zuwa wurin masu babur.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Ruwan fadama bai ragu ba, hadari ya haɗu a gabas amma bai sauko ba. A Kore Mairuwa muka sami mota mai sauran wuri, aka cusa mu tsakanin buhunan wake. Malam ya fara bayanin cewa shi dabara ya yi, wai ya riƙe hannun ne don ya karanci salon tsohon. Tela ya ce masa don Allah ya karanci shiru. A haka muka hango dutsen garinmu ya yi ja da faɗuwar rana. Abokan shayi sun riga sun ji labari, suna jiranmu a tasha da ihu, suna cewa mun ƙwato doka. Na yi musu murmushin da na iya na wuce gida.

Ina buɗe ƙofa ana kiran magariba, waya ta yi ƙara. Ita ce, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ta leƙo ta dangar kara ta ga bayana lokacin da muke tafiya, wai na rame. Ta ce likita ta ce komai lafiya, atamfar ma ta yi kyau. Na san akwai saura. Ta ce, “Yaya ya ce in Allah ya sauke ni lahiya, ka aiko da rago da sunan da kake so. Ba sai ka zo ba.” Ta ce, “Kati na hwa. Kati bakwai.” Na ce mata na sani. Ta ce to, ta kashe.

Na zauna a ɗakin da babu kowa na yi ta juya abin. Tafiyar nan ta koya mini cewa dokar da muka rubuta a wurin shayi, mai cewa wanda ya mai da hannu kati guda kawai zai rasa, a Dutsi kaɗai take da arha haka. A wani wurin abin da ake cire maka ya fi kati, kuma wadda ba ta taɓa riƙe kati ba tana biya tare da kai. Wannan ya yi mini ciwo, yana kuma yi mini har yanzu. Amma masu turo mini saƙo cewa in je in ce na yi kuskure, ku huta. Ranar suna zan je, da ragona a kan babur, in ratsa fadamar nan. In an hana ni zaure zan zauna a waje, in an hana ni inuwa zan zauna a rana, har a raɗa wa ɗana suna ina ji. Zan tsuguna in ba Yaya haƙuri a kan ransa da ya ɓaci, sau nawa yake so. Abin da ba zan ce masa ba guda ne, ba zan ce hannun nan yana da rijiya ba.